Sinus a Jikin Motar Alassan

Alassan direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, a Gaya, kuma tun yana saurayi hanyarsa ɗaya ce: ya ƙetare gada ya shiga Malanbil, ya gangara har Kotonu, ya ɗauko kaya a bakin teku ya haura da su Yamai. A tashar manyan motoci an san shi da abu biyu. Ba ya gudu da mota, kuma ba a taɓa cutarsa a ciniki ba. Na farkon kowa ya shaida. Na biyun kuwa shi ne dai yake faɗa, abokansa suna bar masa don a zauna lafiya.

Babbar ɗiyarsa Kausar tana ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, shekarar da za su zauna jarrabawar fita da ake kira bak. Alassan bai wuce firamare ba, amma yana son ya ga yarinyar nan zaune da littafi, har yakan rage muryar rediyonsa in ya ga ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida. Wata la'asar ya dawo daga masallaci ya tarar da ita tana ta goge takarda, ta zana ta goge, har takardar ta huje.

"Ke da wa kuke faɗa?" ya tambaye ta.

"Ni da sinus, Baba."

"Ɗan gidan wa ne?"

Ta yi dariya, ta nuna masa wani layi da yake hawa yana sauka kamar tafiyar maciji a rairayi. Ta ce sunansa ke nan, yana da ƙane kosinus, kuma Madam Saratu mai koya musu lissafi tana son a zana su daidai, ba tudun da zai fi wani. Cikin hira ta ce Madam ta ba su labarin wata irin kalkilatiris, na'urar lissafi mai faɗin gilashi, wadda in ka rubuta mata lissafin sai ta zana maka layin da kanta. Ba roƙo ta yi ba, labari ne kawai. Amma maganar ta zauna a ran Alassan.

A tafiyarsa ta gaba lodi ya yi jinkiri a Kotonu. Maimakon ya kwanta a ƙarƙashin mota kamar sauran direbobi, sai ya bi layin masu sayar da kayan gwanjo na ƙasashen Turai, yana tambaya da guntun Faransancinsa. Wasu suka miƙo masa ta ƴan kasuwa, wani har ya kawo masa rimot na talabijin. Can ya faɗa hannun wani dattijo mai tabarau, wanda ya tono wata baƙar na'ura daga ƙasan kwali, ya sa mata pil, wato batir, ya danna nan ya danna can. Alassan yana kallo layin nan ya fito daga hagu, ya hau, ya sauka, ya sake hawa, sak irin wanda ya huda takardar Kausar. Suka yi ciniki irin na mutanen da ba su gaggawa, ya naɗe ta a sabon rawani ya sa a akwatin da ke gaban kujerarsa.

Da ya bar ta a naɗe har gida, da labarin ya ƙare a nan. To, a Malanbil ya tarar da layin motoci a duwan, wato kwastan, ya yi tsawo, rana ta take, ba abin yi. Ya sha shayi, ya yi sallah, ya yi hira har ta ƙare. Sai ya ce bari ya sake kallon layin nan sau ɗaya. Ya kunna, ya danna maɓallin da yake zaton dattijon ya danna, wasu kalmomi suka cika gilashin. Ya danna wani don su tafi, suka canza. Ya yi ta dannawa har aka yi masa oda daga baya, ya kashe ta da sauri ya mayar cikin rawani.

A gida ya jira sai da aka ci abinci. Matarsa Zuwera ta dafa tuwon shinkafa da miyar kifin kogi, maƙwabcinsu Nazifi tela ya shigo yi masa barka da hanya. Sannan Alassan ya miƙa wa Kausar ƙunshin, yana kallon wani wuri kamar ba ruwansa. Ta warware ta ga abin da ke ciki. Ta durƙusa ta yi godiya, ta sake yi, har uwarta ta ce ya isa, ta kunna kowa ya gani.

Kausar ta yi ɗan laluben maɓallan, ta gano inda ake rubutawa. Ta rubuta sinus na x, ta danna na zane. Kawuna huɗu suka haɗu a kan gilashin. Layi ya fito daga hagu ya tafi dama a miƙe, kwance, ya ɗan karkata kaɗan kamar katakon da aka jingina ba daidai ba. Ba tudu, ba kwari.

"Shi ke nan?" Nazifi ya tambaya.

"Tukuna," in ji Alassan. "Sake."

Ta sake, layin ya sake kwanciya. Ta gwada kosinus, shi ma ya fito a miƙe, ya ɗan ɗaga sama da na farko.

"Wannan ai ko ni da rula na zana shi," in ji Nazifi. "Alassan, ko dai mutanen Kotonu sun ga baƙo?"

Alassan ya ce a gabansa aka gwada ta, da idonsa ya ga tana aiki, kuma in ya koma sai dattijon nan ya gane da wa ya yi ciniki. Ya ɗaga murya fiye da yadda ya saba. Zuwera ta dube shi ta gefen ido, don ta san duk lokacin da maigidanta ya cika faɗa, akwai abin da bai faɗa ba. Kausar ta ce ba komai, ko a haka tana lissafi, kuma ta gode. Wannan ya fi maganar Nazifi yi masa ciwo.

Washegari, bayan yarinyar ta tafi lakkol, wato makaranta, ya ɗauki na'urar ya nufi rumfar Hadi mai gyaran waya a bakin kasuwa. Hadi ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayanta, ya kara a kunne.

"Ruwa ya shige ta," ya ce. "Iskar teku ce. Sai an buɗe."

"Ka taɓa gyara irinta?"

"Duk ciki ɗaya ne, Alhaji."

Alassan bai je Makka ba, kuma ya lura ba a kiransa Alhaji sai in ana shirin yi masa wani abu. Da ya ga Hadi ya ɗauko ɗan ƙarfen kwance ƙusa, sai ya miƙa hannu ya karɓe kayansa, ya ce zai dawo. Ya tsaya a bakin titi yana tunani, ƴan kabu-kabu suna ratsa shi hagu da dama. In mota ta yi ciwo, wurin wanda ya san irinta ake kai ta. Wanda ya san wannan kuwa a garin nan, mutum ɗaya ya ji an ambata.

Ya isa lise daidai lokacin hutun safe. Mai gadi ya nuna masa wata mata doguwa mai lulluɓi ruwan toka, zaune a benci ƙarƙashin dogon yaro tana cin gyaɗa tana duba takardun yara. Ya yi sallama, suka gaisa, ya ce shi ne mahaifin Kausar. Madam Saratu ta matsa masa wuri, ta aika aka kira yarinyar. Kausar ta zo tana jan ƙafa, don ganin uba a lakkol ba a aika masa ba yakan sa gaban ɗalibi ya faɗi.

Alassan ya ba da labari tun daga Kotonu, ya tsallake Malanbil. Madam ta karɓi na'urar da murna a fuskarta, ta ce rabonta da irinta tun tana jami'a. Ta kunna, ta ga kwantaccen layin, ta ɗan yi murmushi. Ba ta taɓa komai ba, ta miƙa wa Kausar.

"Lafiyarta lau. Abin da aka tambaye ta shi ta amsa. Kausar, kafin sinus ya hau ya sauka ya dawo inda ya faro, zagaye nawa ake yi?"

"Zagaye ɗaya, Madam."

"Digiri nawa ke nan?"

"Ɗari uku da sittin."

"To duba min, gilashin nan daga ina zuwa ina yake nunawa?"

Kausar ta laluba har ta samo wurin. "Daga goma ta hagu zuwa goma ta dama." Alassan ya ga idanunta sun tsaya cak, sannan bakinta ya buɗe a hankali. "A digiri take. Digiri ashirin kawai take nuna mana, shi ya sa bai kai ga lanƙwasa ba."

"Sai ki yi yaya?"

"Ko in faɗaɗa gilashin, ko in mayar da ita radiyan."

Madam ta juya ga Alassan ta yi masa bayani a sauƙaƙe. Ta ce kusurwa ma'auni biyu gare ta, kamar yadda ake auna hatsi da tiya ko da buhu. In da digiri ne, zagaye ɗaya ɗari uku da sittin ne. In da radiyan ne, shida ne da ɗan ɗoriya. Na'urar tana awo da ƙaramin ma'auni, gilashin kuma an tsara shi don babba.

"Wato kamar mutum ya tsaya a ƙofar gidana," in ji Alassan a hankali, "ya hango titi ya miƙe zuwa kasuwa, ya ce hanyar Kotonu ba ta da kwana."

"Haka ne, Malam Alassan."

Kafin su rufe baki Kausar ta canza ma'aunin ta danna. Layin ya fito daga hagu, ya hau, ya sauka, ya sake hawa. Alassan ya ce alhamdu lillahi.

"Abin da ban gane ba," in ji Madam, tana ɓare gyaɗa, "mai sayarwar ya nuna maka tana zane daidai. Ba ta canza ma'auni da kanta. Ko wani ya taɓa ta a hanya?"

Alassan ya gyara zaman hularsa. Ya dubi reshen dogon yaro.

"Layin duwan ya yi tsawo ranar," ya ce.

Kausar ta rufe baki da gefen hijabinta, kafaɗunta suna rawa. Madam ba ta ɓoye tata dariyar ba, shi ma daga ƙarshe ya bi su. Kafin ya tashi ta gaya masa cewa a gwajin ajinta ba za a shiga da na'urar ba, da hannu za a zana. Ya ɗan ji ba daɗi, ya tambaya to mene ne amfaninta. Ta ce yarinyar ta fara zanawa da kanta, sannan ta tambayi na'urar ko ta yi daidai, kuma in ya yarda ta riƙa zuwa da ita aji don sauran yara su gani. Ya ce ai don haka aka sayo ta, ko da yake sai a lokacin tunanin ya zo masa.

Ranar Asabar yana tasha ana yi wa motarsa gyara. Mutari mai faci ya ɗaga gaban motar, tayar hagu tana lilo a sama. Kausar ta kawo masa abinci da rana, na'urar tana cikin jakarta, don tun ranar ba ta rabuwa da ita. Ya ci ya wanke hannu, sannan ya yi tambayar da ta kwana biyu tana cinsa.

"Wai shi wannan layin, hoton mene ne? Na ga yana da kyau, amma me yake nunawa?"

Ta buɗe baki za ta yi masa irin bayanin aji, sai ta dubi tayar da ke rataye ta fasa. Ta ciro alli daga jaka ta ɗiga babban farin tabo a gefen tayar, daidai tsayin tsakiyarta.

"Kawu Mutari, don Allah juya mana ita a hankali. Baba, kar ka kula da gaba ko baya. Tsayin tabon kawai za ka duba."

Mutari ya juya. Tabon ya hau har ƙoli, ya gangaro, ya wuce tsakiya ya kai ƙasa, ya sake tasowa. Ta ba uban allin, ta tsayar da shi a jikin motar, ta ce ya yi tafiya zuwa bayan motar da taki iri ɗaya, allin yana jikin katako, in tabon ya hau ya ɗaga hannu, in ya sauka ya sauke. Na farko bai yi ba, don Alassan ya manta da tafiyar ya tsaya wuri ɗaya yana ta shafa alli sama da ƙasa. Direbobin da ke kwance a inuwa suka taso kallo. A na biyu Kausar ta riƙa faɗa masa, sama, sama, tsakiya, ƙasa, yana tafiya yana bi. Da ya kai ƙarshen motar ya ja da baya ya duba. Ga shi nan a jikin shuɗin katako, fari, yana ɗan rawa amma ba mai musun cewa shi ne. Ta ɗaga gilashin na'urar kusa da shi.

"Ashe taya ce," in ji Alassan. "Shekara da shekaru ina zaune a kansa."

Daga nan wurin ya zama aji. Mutari ya ce in ya juya da sauri fa? Kausar ta ce ya faɗi abin da yake zato tukuna. Ya ce tuddan za su matsu. Ta rubuta sinus na x biyu, suka matsu, Mutari ya dubi jama'a kamar shi ya ƙera na'urar. Wani ya ce in tayar tarakta ce fa, ta sa biyu a gaban sinus ɗin, tuddan suka ƙara tsawo, kwarin ya ƙara zurfi. Alassan da kansa ya tambayi ƙanen nan kosinus, ta ce taya ɗaya ce, sai dai an fara kallo lokacin da tabon yake can ƙoli. Ta zana su tare, suna bin juna ba mai cim ma wani.

Akwai wani direba Yazidu, wanda duk tasha ta san ƙafarsa ba ta jituwa da birki. Ya leƙo ya nuna wani maɓalli ya ce wannan fa? Kausar ta ce tanjant ne, halinsa dabam. Ta danna. Layin ya taso daga ƙasa, ya ɗan natsu a tsakiya, sai ya harba sama ya fice daga gilashin, ya sake ɓullowa daga ƙasa ya kuma ficewa.

"Wannan Yazidu ne a gangaren Kandi," in ji Mutari.

Dariya ta ɓarke har mai shayi ya bar tukunyarsa ya zo tambaya. Yazidu ya ce ko ba komai shi ne yake riga kowa isa. Sunan dai ya bi shi, har yau wasu a tashar Tanjant suke kiransa, yana amsawa.

Da aka yi gwajin aji a kan darasin, Kausar ta zana nata da hannu, takardarta ba ta huje ba, kuma Madam Saratu ta ɗaga ta ta nuna wa aji. Na'urar ta zama ta kowa. Yau tana hannun Rahinatu ƙawarta, gobe wani yaro ɗan Tunuga da ke zaune wurin kawunsa ya are ta ya kwana da ita. Zuwera ta ɗinka mata ƴar jaka da ragowar atamfa don kar gilashin ya karce. Nazifi tela ya ce shi tun farko ya san abin kirki ne.

Alassan ya hana a wanke zanen da ke jikin motar. Da zai koma Kotonu ma sai ya sa aka bi layin da farin fenti, aka gyara inda hannunsa ya yi rawa. A bakin gada wani ma'aikacin duwan, mai furfura a gemu, ya zagaya motar yana duba takardu, ya tsaya a gefen hagu ya daɗe.

"Direba, wannan adon fa? Kogi ne?"

"Sinus ne, ranka ya daɗe."

Mutumin ya ɗago ya dube shi, ya sake duban layin.

"Saboda wannan abin na gudu daga ajin kimiyya na koma adabi," ya ce. "Yau ga shi ya biyo ni har bakin gada. Wa ya koya maka?"

"Ɗiyata. Bana za ta yi bak."

"Allah ya ba ta sa'a."

"Amin. In kana da ɗan lokaci in nuna maka yadda yake, ba wuya. Taya ce kawai."

Ma'aikacin ya waiwaya ya dubi layin motocin da ke bayansu, ya miƙa masa takardunsa yana dariya, ya ce ya bari sai ya dawo. Alassan ya hau, ya tayar da mota, ya hau gada a hankali yadda ya saba. Ƙasa masunta suna jan taru, kwale-kwale cike da albasa yana ƙetarawa zuwa Malanbil.